Tambaya: su waye 'yan cocin Firesbiteriyan, kuma me ya raba su da ECWA?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah ina da tambaya, amma tun kafin a fara ina roƙo kar a maida abin gardamar addini, ni musulmi ne alhamdulillahi, sani kawai nike nema.

Akwai maƙwabcin shagona a kasuwa nan Katsina, mutumin Abiriba ne ta jihar Abiya, dilar gwanjo yake fasawa, mun daɗe tare har ta kai in ya tafi Kano sari yarona ke tsare mashi shago, in na tafi masallacin Juma'a shi ke duba mani nawa. To satin da ya wuce ya miƙo mani kati da ambulan wai bikin godiyar kaka zasu yi a cocinsu. A jikin katin akwai hoton wata 'yar bishiya tana ci da wuta, ƙasanta an rubuta Presbyterian Church of Nigeria. Nace mashi wannan kuma wacce ce, ni dai ECWA na sani da Katolika da Angilikan da Baftis, sai waɗannan sababbin masu lasifika. Yayi dariya yace tasu ta girme ECWA nesa ba kusa ba.

Abinda yafi ɗaure mani kai, sau ɗaya a wata yakan rufe shago da la'asar ranar Asabar, daidai lokacin da kasuwa tafi ci, yace zaman dattawa zai je, wai shi dattijo ne a cocin kuma fastonsu baya iya yanke wani hukunci sai da su. Mutumin da ko hamsin bai kai ba, bai yi makarantar fastoci ba, sana'arshi ɗaga wando da riga yana kiran farashi, ta yaya zai zauna yace ma fasto a'a? To masana daga ina wannan cocin ta fito, me yasa bamu santa ba a nan sosai, gaskiya ne maganar dattawan nan ko cika baki ne kawai, sannan wutar nan meye ma'anarta. Nagode.

Malamin Tarihi Daura:

Wa'alaikumussalam. Ɗan uwa maƙwabcinka bai yi maka ƙarya ba. A 1846 cocin tasu ta sauka Kalaba, su kuwa turawan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) da suka haifi ECWA sai 1893 ukun farko suka iso Legas, ita ECWA ɗin kanta sai 1954 ta tsaya da ƙafarta.

Maganar dattawan nan kuwa itace gaba ɗayan cocin, in ka cire ta babu sauran abinda ya rage, kuma kakanninsu sun zubar da jini a kanta. Asalin abin daga Turai ne a ƙarni na 16 lokacin da wasu suka ɓalle daga Fafaroma. Akwai wani Bafaranshe John Calvin da ya zauna birnin Janiba yana koyarwa, sai wani ɗan Sikotland John Knox ya zauna wurinshi ya koma gida da wannan koyarwar, a 1560 majalisar Sikotland ta raba gari da Roma. Ingila ma ta ɓalle amma ita ta riƙe bishop-bishop ɗinta kuma sarki ne shugaban coci, wannan itace Angilikan da ka sani. 'Yan Sikotland suka ce su basu yarda mutum ɗaya ya hau kan ikilisiya ba, ko bishop ne ko sarki, sai dai jama'a su zaɓi dattawa daga cikinsu su zauna da fasto ayi shawara. A 1637 Sarki Charles na ɗaya ya ƙaƙaba masu littafin addu'a irin na Ingila aka yi tarzoma a Edinbura, a 1638 suka sa hannu kan wata yarjejeniya ta ƙasa suka soke kujerar bishop, akai ta yaƙi da kashe-kashe ana maido bishop ana cirewa, sai 1690 ƙura ta lafa aka bar masu tsarinsu. Kai ko bayan nan basu huta ba, a 1843 fastoci sama da 450 suka fice daga babbar cocin ƙasar suka bar gidajensu da albashinsu, dalili kawai masu ƙasa da dukiya ne ke naɗa ma gari fasto ko jama'a na so ko basa so. Har gobe sarkin Ingila ba shine shugaban cocin Sikotland ba, da Charles na uku ya hau a 2022 sai da yayi rantsuwa zai kiyaye masu tsarinsu yadda yake.

Yadda ta zo Najeriya shine inda nafi jin daɗin koyar da ɗalibai, don yawanci suna zaton daga Landan aka taso. Daga Jamaika aka taso. Bayan an 'yanta bayi a can a shekarun 1830, kiristocin wurin waɗanda jikokin bayin da aka kwasa daga nan ne suka ce a maida bishara ƙasar kakanninsu, sai wani fasto Hope Waddell, ɗan Ayaland da ya daɗe yana aiki a Jamaika, ya jagoranci 'yar ƙaramar tawaga harda baƙaƙen fata 'yan Jamaika, suka sauka Kalaba a watan Afrilu 1846. Kuma ba da ƙarfi suka shigo ba, sarakunan Efik, wato mutanen Kalaba, ne suka nema, Eyamba na biyar da Eyo Honesty na biyu, su abinda ke ransu karatu da lissafi da sababbin sana'o'i, tunda cinikin bayi na mutuwa manja na maye gurbinshi kuma suna so ɗiyansu su iya rubuta ma turawan jirgi takarda kar a cuce su. Shi yasa makaranta ta cika tun farko amma coci wayam, sai 1853 aka yi ma mutum na farko baftisma, Esien Esien Ukpabio, shine kuma ya zama fasto ɗan ƙasa na farko a 1872. Wani Hugh Goldie ya fassara Sabon Alkawari da Efik a 1862, cikakken Littafi Mai Tsarki da Efik ya fito 1868, ka kwatanta da na Hausa da sai 1932.

Daga Kalaba sai suka bi kogin Kuros Riba sama, Itu, Arochukwu, Unwana, Ohafia, Abiriba, Uburu. To ka ga garin mutuminka ya fito. Basu hauro arewa ba saboda 'yan mishan sun raba ƙasa tsakaninsu kar su riƙa karo, kuma a nan ƙasar sarakuna turawan mulki da kansu suka daɗe suna taka ma 'yan mishan birki saboda alkawarin da Gwamna Lugga yayi na ba za a taɓa addini ba. Sai 1960 ma ta ɗauki sunan da ka gani a katin nan, kafin nan sunanta na gabashin Najeriya ne kawai. Yawanci inda ka ganta a arewa, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ne suka taho da abarsu.

Wutar kuwa kai ma ka santa, wutar da Annabi Musa AS ya hango ce, wadda labarinta ke cikin suratu Ɗaha. A littafinsu yana Fitowa sura ta 3, kurmi na ci da wuta amma bai ƙone ba, sai suka ɗauke shi tambari, wato an sha gallaza masu basu ƙare ba.

Ɗan Kafur:

Salama gare ku. Malam ka biya, Allah ya ƙara sani. Ni Bahaushe ne kirista, kakana daga Maguzawa ya tuba, a ECWA aka haife ni, kuma gaskiya ko mu nan Kafur da Malumfashi in ka tare mutum goma a bakin majami'a kace meye Firesbiteriyan da ƙyar biyu su amsa maka, sai dai waɗanda suka yi makarantar tauhidi ko suka zauna kudu.

Ga mai tambaya, maganar dattawa mu ma muna da ita, kowace majami'ar ECWA na da dattawanta, sannan a hau LCC, majalisar 'yan majami'un da ke kusa da juna, a hau DCC ta gunduma, har hedikwata a Jos, mu ma bamu da bishop, saboda haka ta nan muna kama da juna sosai. Inda muka rabu a fili shine baftisma. Mu sai mutum yayi wayo ya furta da bakinshi ya ba da gaskiya, yayi ajin baftisma, sannan a kai shi ruwa a nutsar dashi gaba ɗaya. Su kuwa suna yi ma jarirai in iyayen 'yan ikilisiya ne, da ɗan ruwa a ka, in yaro ya girma sai yayi aji ya tabbatar da kanshi kafin ya fara cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ci a coci don tuna mutuwar Yesu. Na biyu suna naɗa mata fasto tun 1982, mu bama yi, matanmu ƙarfinsu na Zumuntar Mata kuma kowa ya san in Zumunta tace a'a to dattawa sai su sake zama, amma dai bagade na maza ne. Na uku harshe. Mu da Hausa muke sujada, Littafin Waƙoƙi da Hausa, wa'azi da Hausa, addu'a da Hausa, sunayenmu Bitrus da Bulus da Saratu da Rifkatu. Shi yasa kuka san mu, don kuna jin abinda muke faɗi ta taga, kuma tarihinmu na nan kusa, ga Babbar Ruga nan bayan gari inda SIM suka yi jinyar kutare tun shekarun 1930. Katolika ma yanzu Katsina ta samu dayosis nata, wato yanki mai bishop ɗin kanshi, a 2023 kuma bishop ɗin ɗan Malumfashi ne.

Ambulan ɗin nan kuma kar ta dame ka, ba wai ana kiranka ka shiga addini bane, al'ada ce kowane ɗan coci a bashi guda kaza ya raba ma abokan arziki, wanda ya sa wani abu to, wanda bai sa ba ba mai riƙe shi. In zuciyarka bata kwanta ba ka tambayi malaminka, shi kuma maƙwabcin kace mashi Allah ya sa a yi lafiya, ya wadatar.

Gaskiya Ɗaci:

Malam ka iya tsara zance amma ka tsallake inda ke da ƙaiƙayi. Duk waɗannan 'yan mishan ɗin ai masu share ma mulkin mallaka hanya ne, su shigo da littafi soja ya biyo da bindiga. Ba ita wannan cocin bace ta Mary Slessor da aka cika mu da ita a firamare wai ita ta hana kashe tagwaye? To ai alƙaliyar turawa ce, kotu take zama tana yanke ma mutane hukunci da sunan gwamnatinsu. Kuma ace mace ɗaya baƙuwa ta canza al'adar al'umma guda ita kaɗai, su mutanen wurin duk suna barci kenan? Ni ban saye wannan ba.

Malamin Tarihi Daura:

@Gaskiya Ɗaci rabin maganarka haka take. Eh 'yar wannan cocin ce, kuma eh an naɗa ta muƙamin gwamnati a Okoyong, arewa da Kalaba, a 1892 tana zaman shari'a, ba wanda zai musa. Batun ita kaɗai ma kana da gaskiya, littafin firamare ne ya taƙaita. Ita a 1876 ta iso Kalaba, shekara talatin bayan su Waddell, ta iske an riga an yi nisa, tun 1850 ƙungiyar Ekpe wadda itace hukumar garin ta kafa dokar hana kashe bayi da mata in babban mutum ya mutu, kuma Sarki Eyo na cikin waɗanda suka tsaya akai, wato mutanen gari ne suka yi dokar da bakinsu. Batun tagwaye ma an daɗe ana fama kafin ta zo kuma an cigaba bayan ta mutu. Abinda ta fi sauran dashi shine ta bar gari ta shiga daji, Okoyong a 1888, ta iya Efik ras, tana cin abincinsu tana kwana ɗakin ƙasa, ta kwashi yaran da aka yar ta raine su a ɗakinta. Kuma ba ɗiyar masu kuɗi bace, a wata masaƙa a garin Dundee na Sikotland ta fara aiki tana shekara sha ɗaya.

Inda ban bi ka ba shine share hanya. Sun zo 1846, Ingila bata ayyana mallakar wannan yankin ba sai 1885, kusan shekara arba'in suna zaune ƙarƙashin ikon sarakunan Efik. Akwai lokutan da suka jingina da jakadan Ingila da jirgin yaƙinshi, wannan gaskiya ne kuma abin a faɗa ne, amma kuma makarantarsu ta Hope Waddell da aka buɗe 1895 ta koyar da Azikiwe, wanda ya zo ya hana turawan barci.

Maman Hassana:

Slm. Ni a Kalaba nayi bautar ƙasa, ma'aikaciyar jinya ce, kuma kamar yadda sunana ya nuna tagwaye gare ni shi yasa zancen nan ya taɓa ni. Mu nan in mace ta haifi biyu ai sai guɗa, Hassan da Husaini, wanda ya biyo a ce Gambo, har cewa ake suna da baiwa. To ranar da na fara ganin gunkin Mary Slessor a shataletale riƙe da jarirai biyu, wata abokiyar aikina 'yar Efik tace mani da zamanin da ne ita da ɗan uwanta da basu rayu ba, uwarsu kuma a kore ta daga gari, wlh sai da jikina yayi sanyi. Ita dai bata damu da ko alƙaliya ce ko ba alƙaliya ba.

Can wannan cocin ba baƙuwa bace ko kaɗan, ta zama kamar yadda zaka ce masallacin unguwa a wajenmu, kowane lungu akwai, kaka da jika duk ciki aka yi masu suna. Matar da na zauna gidanta dattijuwar coci ce, eh mace, kuma ranar taronsu na mata zaka ga sun fito da anko iri ɗaya da ɗankwali fes, suna da littafin da suke rubuta wadda ta haihu da wadda ke kwance asibiti da wadda mijinta ya mutu, su bi gida gida. Sau da yawa ina bakin aiki zasu shigo da kuloli su duba tasu, su kuma zuba ma na gadon kusa ko basu san shi ba. Matar nan bata taɓa ce mani in zo coci ba, da azumi ma ita ke hana jikokinta cin abinci gabana, ta kuma ware mani tukunyata daban don ta san akwai naman da bana ci.

Na shiga Hope Waddell ɗin ma, tsohon ginin na kwano da katako ne da aka ƙero a Gilasgo aka kawo a jirgi aka harhaɗa, kuma nan aka buga wasan ƙwallo na farko da aka rubuta labarinshi a Najeriya a 1904, ɗalibai da ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila. A ɓangarenmu na lafiya kuma suna da tarihi, sansanin kutare na Itu da aka buɗe 1928 nasu ne, sannan Akanu Ibiam da sunanshi ke filin jirgin Enugu likitan mishan ɗinsu ne, shi ya fara asibitin Abiriba a 1936 kafin ya zama gwamnan jihar gabas a 1960. Mai tambaya ka ambaci sunan nan gaban maƙwabcinka ka ga yadda zai washe baki.

Haifaffen Katsina:

Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure. Wani abokina ne ya turo mani yace zo ga zancenku ana yi. Ni ɗan wannan cocin ne, asalinmu Ohafia amma a nan aka yanke mani cibiya, babana ya zo bayan yaƙi yana saida kayan gyaran mota, Hausa tafi Ibo zama a bakina har in naje gida dariya suke mani. Malam ya gama da tarihi, bari ni in faɗi yadda abin yake ciki.

Zaman da maƙwabcinka ke zuwa sunanshi seshon. Fasto ne ke shugabantar zaman amma dattawa sun fi shi yawa kuma in an zo ƙuri'a rinjaye ake bi, akwai magatakarda cikin dattawan da ke rubuta duk abinda aka faɗa a wani babban littafi, kuma na sama suna iya cewa a kawo littafin su duba. Dattijo ba da furfura ake zama ba, jama'a ke zaɓe, a duba zamanka da iyalinka da yadda kake ciniki, in an san kana danne mutane a kasuwa ba mai ɗaga maka hannu, sannan a naɗa ka gaban kowa da addu'a, kuma ko sisi ba a biyanka. Su ke karɓar sabon ɗan ikilisiya, su ke sauraron rigimar miji da mata, su ke dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji in yayi abin kunya, kuma kowane dattijo akwai gidajen da aka damƙa mashi, in kwana biyu ba a ganka ba shi zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Wanda bai gamsu da hukuncin seshon ba ya ɗaukaka ƙara zuwa majalisar yanki inda fastoci da dattawan coci-coci ke haɗuwa, daga nan sinod, daga nan babban taron ƙasa, kuma shugaban na ƙasa ma zaɓenshi ake yayi wa'adinshi ya sauka. Shi yasa ba zaka ga hoton wani mutum da matarshi a allon cocinmu ba, ba wanda ya kafa ta balle ɗanshi ya gada.

Kar kuma in yi maku kwalliya, tsarin nan akwai jan ƙafa. Na san lokacin da fankoki biyu suka lalace, kafin seshon ya zauna ya tura ma kwamitin kuɗi su kuma su zauna su dawo da rahoto, zafin Afrilu ya gama gasa mu har damina ta sauka. Matasa da yawa sun gudu coci-cocin zamani don can mutum ɗaya ke magana a yi nan take, ga kiɗa ga alkawarin arziki, mu kuwa tsofaffin waƙoƙi da dogon wa'azi. Wani dattijon ma in ya hau sai ya ɗauka sarauta aka bashi. Amma kuɗin baiko kam ana karanta lissafinshi gaban jama'a har na man janareto, kuma tsohuwa na iya miƙewa tace ba ta gane ba a sake.

Mu nan bamu da yawa, 'yan kasuwa ne da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da sojoji da 'yan sanda da masu bautar ƙasa, rabi Ibo rabi mutanen Kuros Riba da Akwa Ibom, shi yasa da Turanci ake sujada don a haɗu, sai a jefa waƙar Ibo ɗaya ta Efik ɗaya kar wani yace an manta dashi. Wanda aka yi ma canjin aiki ya sauka tasha bai san kowa ba, coci yake fara nema, a can za a samo mashi ɗaki a faɗa mashi unguwar da zai zauna lafiya da abinda ba a yi a garin nan, ranar farko ake gaya ma 'yan mata irin shigar da zasu riƙa yi. Akwai ƙungiyar maza, ta mata, ta matasa, da 'yan birget masu ganga da bigila. Amma inda zaka san amfanin jama'a shine mutuwa. Mu ba a bizne babba a baƙon wuri, gida ake kai shi, to ka lissafa kuɗin ajiye gawa da akwati da motar da zata ɗauko daga Katsina ta bi Funtuwa, Zariya, Kaduna, Abuja har Abiya, talaka shi kaɗai ba zai iya ba. A daren za a buɗe littafi kowa ya rubuta abinda zai bada, a zaɓi dattijo ɗaya da mata biyu su raka gawar. Lokacin babana maƙwabtanmu musulmi na layin 'yan gyara suma sun kawo nasu, wani Alhaji ma shi ya cika ma motar tanki.

Godiyar kaka kuma duk da yawancinmu ko kuyya ɗaya bamu noma a nan, kowa na kawo daga abinda yake samu, mai gwanjo ya kawo riguna, wani doya wani buhun shinkafa wani akuya, a jera gaban majami'a a yi rawa a kai, bayan an tashi sujada a yi gwanjonsu, kuma da gangan ake tsawwala farashi, kan ayaba ɗaya sai a saye shi kuɗin buhun masara ana tafi. Daga nan ake samun na gyaran rufi da na makarantar marayu. Disamba kuma in ka leƙo sai ka tausaya ma fasto, kowa ya tafi gida, benci ne kawai.

Ɗan Kafur:

@Haifaffen Katsina sannu ɗan uwa, naji daɗin bayaninka. Amma bari in tsokane ka kaɗan. Malam yace kakanninku basu yi shekara ashirin a Kalaba ba sai da suka juya Sabon Alkawari zuwa Efik. To ku shekara nawa kuna Katsina, kai kanka ga Hausa kamar jakin Kano, me ya hana ku ko sujada ɗaya da Hausa a wata? Ko ku dai cocin 'yan gida ce kawai?

Haifaffen Katsina:

Hhhh yaya ka taɓo inda ke ciwo. Wlh an kawo maganar nan seshon, matasa ne suka rubuta takarda don mu da aka haifa nan ko a gida Hausa muke yi tsakaninmu, in fasto ya zurfafa Turanci tsofaffin mata basa bi, in an juya Ibo mu da 'yan Efik bama bi, Hausa ce kaɗai kowa ke ji saboda kasuwa. Dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce in an koma Hausa to ɗan abinda ya rage ma yara na harshen gida ya tafi kenan, ai coci ce kaɗai inda suke jinshi. Wasu suka ce masu son sujada da Hausa ga ECWA nan ga Baftis, me zamu je yi gonar da wani ya riga ya shuka. Ɗaya kuma yace fastocin da ake kawo mana daga kudu suke, kafin mutum ya iya ina kwana an ɗauke shi. Abinda aka tsayar dai 'yan kwaya su riƙa sa waƙar Hausa ɗaya, kuma daga Littafin Waƙoƙinku muke arowa, karatun nassi na biyu kuma wani lokaci a ba ɗaya daga cikinmu ya karanta da Hausa. Sauran maganar an miƙa ma kwamiti, kuma har yanzu da nike rubutun nan basu kawo rahoto ba.